Murfin Samirar Hajiya da Tafiyarmu Masar

Da ƙarar murfin samira aka fara. Kun san yadda yake yi idan ya suɓuce ya faɗi a kan tayil: ya yi ta kewaya kansa, ƙwaram, ƙwaram, ƙwaram, yana ƙara sauri, sannan ya kwanta shiru. Har yau in na ji irin wannan ƙarar sai gabana ya faɗi.

Tun da muka dawo daga Masar ba ni da hutu. Duk wadda ta zo barka da dawowa sai ta ce, "Maman Walida, ya Alƙahira? Kin ga gawar Fir'auna?" Na ba da labarin a falo, na ba da shi a Islamiyya, na ba da shi a waya har kunnena ya yi zafi. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, kowa ya huta. Amma sai kun yi haƙuri, don ba a filin jirgi labarin ya fara ba. A kicin ɗina ya fara, nan Nassarawa.

Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta dawo wurinmu da zama ne saboda ciwon gwiwa. An gama shirin kai ta Masar a yi mata aiki, biza kawai ake jira, Abban Walida ma yana Abuja a kan maganar. Ran nan da hantsi ina yanka albasa, ita tana bayana, ta buɗe tsohuwar samirarta ta aure za ta ɗauko wa Walida alkaki. Walida 'yata ce, sunan Hajiya aka sa mata, shi ya sa ba a raba su. Sai na ji murfi ya faɗi. Na juyo. Wallahi murfin bai gama juyawa ba Hajiya ta riga ta dafe ƙeyarta da hannu biyu, ta sulale jikin firij. Ba ta yi ihu ba. "Innalillahi" kawai ta ce, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa. Can sai amai.

"Baƙona ne," ta ce, da na kai ta ɗaki.

Baƙonta shi ne ciwon ɓarin kai da take fama da shi tun tana budurwa. To amma ni na san baƙon nan. Mai ladabi ne, yana sallama. Sai ta fara ganin walƙiya-walƙiya a gefen ido, ta ce, "Safiya, ja min labule, baƙo na hanya," ta sha magani ta kwanta, ciwon ya hau a hankali ya kama ɓari ɗaya, kafin la'asar ya tafi. Wannan kuwa bai yi sallama ba, kuma bai tafi da la'asar ba. Kwana da kwanaki wuyanta a ƙage. A kujera take salla, amma ko sunkuyar da kai don ruku'u ba ta iyawa. Na ce mu je asibiti. Ta kama wuyan hannuna.

"Kada ki gaya wa mutumin naki," ta ce. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Ya sha wahala a kan tafiyar nan. A ɗaga masa hankali a kan ciwon kai? Amana na ba ki."

Na shafa mata man habbatus sauda, na tofa mata addu'a, na ja bakina. Da ya dawo da biza ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ya jiki?" ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Kuma a lokacin da sauƙin, don har ta koma rabon alkaki.

Ranar tafiya muka sauke Walida a Badawa wurin ƙanwata. Saƙon Walida ɗaya: in sayo mata raƙumi, amma ƙarami, wanda zai shiga ɗakinta. Malam Sale direba ya kai mu filin jirgi yana ta yi wa Hajiya nasiha kada ta yarda a sa mata gwiwar ƙarfe, wai wani mutumin garinsu an sa masa, duk sanda hadari ya haɗu sai ta riƙa kuka. Aka kawo keken marasa lafiya, Hajiya ta ce ita ba ta kai nan ba tukuna. Sai da ta ga tsawon layi ta zauna, wai don kada a ce ta raina alherin mutane.

Ban taɓa hawa jirgi ba sai ranar. Tashin bai ba ni mamaki ba kamar yadda aka ba kowa abincinsa a ɗan faranti mai ɗaki-ɗaki, kowa ya duƙufa, ba mai ce wa wani bismilla. Na tura wa Balarabiyar da ke gefena nawa, ta kalle shi, ta kalli nata, iri ɗaya sak, ta yi dariya. Da jirgi ya fara sauka na ga Hajiya ta kai hannu ƙeya ta runtse ido. Ta ga na gani. Ta sauke hannun ta kama carbi.

A Alƙahira aka buga mana hatimi lafiya, sai a wurin binciken kaya. Jami'in ya buɗe jakata ya ci karo da garin kuka, da yaji, da daddawar da na naɗe leda kan leda. Ya ɗaga kukar yana dubawa a haske, ya kira abokinsa. Abban Walida ya gyara murya ya shiga yi musu bayani da Larabcinsa na zaure, suka tsaya kamar masu jin huɗuba, ɗayan har da cewa amin. Ashe Larabcin titi daban, na littafi daban. Da aka kwance daddawa na farkon ya ja da baya ya toshe hanci. Na biyun, mai ƙarfin hali, ya dangwali yaji ya kai baki. Atishawar da ya yi har na bayan layi sun juyo. Hajiya daga kan kekenta ta ce, "Yarhamukallahu." Wannan kam sun gane. Suka ɗaure mana kayanmu suna nuna mana hanya.

Wadda ta tare mu sunanta Hajja Batulu, ita ke yi wa marasa lafiya 'yan ƙasarmu tafinta. Bahaushiyar Sudan ce, doguwa, mai dariya da dukan jiki. Kakanninta sun bar Kano a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Ba ta taɓa ganin Kano ba, amma Hausarta irin ta tsofaffin cikin gari ce, an yayyafa mata Larabci. Tun a mota ta fara: "Har yanzu ana rini a Ƙofar Mata? Da gaske Dala dutse ne babba, ko kakata ce ta ƙara gishiri?" Hajiya ta samu abokiyar hira. Ni kuwa kujera na riƙe, don direbobin can da hon suke tuƙi, ba da birki ba.

Masaukinmu can saman wani dogon bene yake. Mu da muka saba da fili da bishiyar mangwaro da maigadi a bakin get, sai ga mu a sama kamar tantabaru. Akwai wani tsohon lif mai ƙofar raga da ke hawa da mutane. Kashegari na shiga ni kaɗai ban ja ƙofar sosai ba, ya maƙale a tsakiya, na yi ta karanta duk abin da na haddace har mai tsaron benen ya zo yana faɗa kamar zai dake ni. Da na fito sai ya kawo min shayi. Nan na fara gane mutanen: faɗansu ba faɗa ba ne, haka muryar take. Matan kuma kwando suke zurowa da igiya daga baranda, mai kanti ya zuba musu kaya, su ja. Na tsaya kallo har madara ta ƙone.

Karin kumallonsu wake ne da ya dahu luguf, a zuba mai da lemon tsami, a dangwala da gurasa. Akwai wani abincin da suke ji da shi, shinkafa da taliya da wasu 'yan mitsi-mitsin wake da soyayyar albasa duk a kwano ɗaya, kamar garau-garau ya je birni ya waye. Hajiya ta taɓa, ta ce, "Da daɗi," ta ture. Sai na tuƙa mata tuwo na kaɗa miyar kuka. Ban sauke ba aka buga ƙofa: maƙwabciyarmu ce, hannu a hanci, tana tambaya ko wani abu ya mutu a bututun ruwa. Na ja ta har kicin na nuna mata daddawa. Ita ma ta rama, ta ja ni nata kicin in ga miyar da suke alfahari da ita. Jama'a, lalo ne! Lalon nan da ke fitowa bayan katangarmu da damina. Da ta zo juye soyayyar tafarnuwa a tukunya sai ta ja numfashi da ƙarfi, "Hiiih!", kamar wadda ta ga maciji. Na zabura. Hajja Batulu ta ce al'ada ce, in ba a yi haka ba wai miyar ba ta haɗuwa. Na ce ikon Allah, mutanen da ko miya ba sa yi mata shiru.

A asibiti na ga ƙarshen abin. Muna wurin jira aka shigo da wata mata, ƙofar mota ta datse mata yatsa. Tana kiran uwarta, tana faɗa wa duk wanda ya kalle ta yadda ciwon yake, inda ya faro, inda ya nufa. Hajiya ta dube ta ta wutsiyar ido ta ce, "Wannan ranar naƙuda fa?"

Hajja Batulu ta ce, "Hajiya, nan in ba ka yi kuka ba, likita cewa zai yi lafiyarka ƙalau, tashi ka ba wani wuri."

Likitan ƙashi ya duba gwiwa ya sa rana. Saura likitar da za ta sa ta barci, wata siririya mai tabarau. Ta yi ta tambayoyi, Hajja Batulu na juyawa. Likitar ta ce bayan aikin gwiwa ana ba da maganin tsinka jini don kada ya daskare a ƙafa, saboda haka in akwai inda jini ya taɓa tsiyaya a jiki, dole ta sani. Sannan ta ce, "Kin taɓa yin ciwon kai wanda ba ki taɓa jin irinsa ba? Wanda ya zo farat ɗaya?"

"Lafiya lau," in ji Hajiya. "Ɗan ciwon kai dai na kowa da kowa."

Likita ta sunkuya za ta rubuta. Abban Walida yana duba wayarsa. Ni kuwa murfin nan nake ji yana juyawa a kunnena. Kun san tarbiyyarmu: suruka ta ce fari, ke wace ce da za ki ce baƙi, a gaban ɗanta, a gaban bare? Ga amana. Ga kuma maganin tsinka jini. Ban san me ke cikin kan Hajiya ba, na dai san abin da na gani bai yi kama da baƙonta ba. Na zamo daga kujera na durƙusa a gefenta.

"Hajiya," na ce, "ko kin manta ranar samira?"

Ƙofa na ba ta don ta ce mantuwa ce. Ba ta bi ta nan ba. Ta dube ni har sai da na sunkuyar da kai.

"Ban manta ba," ta ce. "Tunda kin buɗe, sai ki juye."

"Wace samira?" in ji Abban Walida.

Na juye. Likita ta ajiye biro ta ɗauki waya.

A ranar aka kai mu wurin likitan ƙwaƙwalwa, wani dattijo mai furfura har a gira. Ya ce wa Hajiya in ciwon da ya fi kowane ciwo goma ne, na ran nan nawa ne?

"Ciwo kuma ana ƙirga shi kamar ƙwai?" ta ce. Da aka matsa mata ta ce biyu.

Ya yi murmushi ya juyo gare ni. Tambayoyinsa suka ba ni mamaki, don bai damu da zafin ba kamar yadda ya damu da yadda ya zo. Me take yi a lokacin? Ta ɗaga abu mai nauyi ko ta yi tari? Ina ta dafe? Ta yi amai? Ta suma? Wuya fa? Akwai zazzaɓi? Hannu ya mutu, ko baki ya karkace? Sannan babbar tambayar: daga farawarsa zuwa ƙurewarsa, awa ya ɗauka ko minti?

Na ce ban duba agogo ba. Na waiga na ga wani kwanon ƙarfe da suke ajiye auduga. Na nemi izini, na cire murfinsa, na sake shi a ƙasa. Ya yi ta juyawa, ƙwaram, ƙwaram. Kafin ya kwanta na dafe ƙeyata da hannu biyu.

"Haka," na ce.

Dattijon bai jira tafinta ba.

Da yake mai son bayani ne, ni kuma mai son tambaya, sai ya gyara zama. Ya ce ciwon kai gida biyu ne. A gidan farko ciwon shi ne cutar, ba wani abu a bayansa: irin ɓarin kan Hajiya, da wanda ke ɗaure kai kamar an tamke ɗankwali, da wani mai cin bayan ido ɗaya har ya yi hawaye, ya fi kama maza. A gida na biyu ciwon ɗan aike ne, wani abu ne ya turo shi: zazzaɓin sauro, sanƙarau, buguwa, ko jini da ya zuba a cikin kai. Aikin likita ya gane daga wane gida baƙo ya fito kafin ya ba da magani. Wanda kuwa ya kai maƙurar zafinsa cikin minti guda, da tsawa likitoci suke kwatanta shi, kuma ɗan aike ake ɗaukarsa har sai bincike ya wanke shi.

Na ce, "To kullum jini ne?"

Ya ce a'a. Wani lokaci jijiyoyin ne suke matsewa su saki, wani lokaci jini ne ya daskare, wani lokaci a bincika kaf ba a ga komai ba. Amma ba a ganewa da ido. Da a ranar aka kai ta asibiti nan Kano aka ɗauki hoton kai, in jini ne zai fito ɓaro-ɓaro, in hoton bai nuna ba a ɗebi ruwan baya a duba. Yanzu makonni sun wuce, jiki ya share wurin, sai dai a zuba wani ruwa a jijiya a ɗauki hoton hanyoyin jinin su kansu.

Muka koma masauki. Na kai wa Hajiya shayi, ta ce ta ƙoshi. Na zo shafa mata man gwiwa, ta ce Batulu za ta yi. Wannan ya fi min komai ciwo a tafiyar nan. Na ɗaga hannu, na rasa me zan roƙa: in ba a ga komai ba, na tona amanar tsohuwa a banza, in kuma an gani... Sai na ce Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri.

Hoton ya fito. Ban taɓa zaton haka cikin kan mutum yake ba: kamar bishiyar kuka da rani, reshe kan reshe, tsarki ya tabbata ga Wanda Ya tsara. A wata mararraba dattijon ya ɗora bakin biro a kan wani ɗan kumburi, bai kai ƙwallon magarya ba. Ya ce bangon jijiyar ne ya yi laushi ya kumbura, kuma ga dukkan alamu ranar samira ya ɗan tsiyaya ya toshe kansa. Irin wannan in ya sake fashewa, ba kasafai yake barin mutum ya ba da labari ba. Da an yi aikin gwiwa an bi da maganin tsinka jini... bai ƙarasa ba, ya ɗaga tafukansa sama. Abban Walida ya tashi ya fita. Na san kuka ya fita yi, na ƙyale shi.

Aka fasa gwiwa, aka koma kai. Abin mamaki, ba tsaga kan za a yi ba. Wani siririn bututu za su zura ta jijiyar cinya ya bi ta ciki har ka, su cusa wata waya mai laushi kamar zare a cikin kumburin ta cike shi, jini ya daina shiga. Da aka fassara wa Hajiya sai ta ce, "Ciwo a ka, a shiga ta cinya? Wannan ai zuwa Daura ne ta Legas."

Allah Ya sa aka yi a sa'a. Da ta farfaɗo likita ya tambaye ta ya take ji. Na ga bakinta ya haɗa "da sauƙi". Sai ta kalle ni.

"Batulu, gaya masa cinyar tana zugi, kaina ya yi nauyi ta dama, kuma ƙishirwa nake ji." Ta numfasa. "Ki ce in ƙwai ne, huɗu."

Hajja Batulu ta rangaɗa guɗa a cikin asibitin mutane, ba wanda ya ko juyo. Hajiya ta miƙo hannu ta kama wuyan hannuna, daidai inda ta kama ran nan a Nassarawa.

"'Yar rahoto," ta ce. "Allah Ya yi miki albarka. In an ce in sha, ke za ki haɗa min shayi."

Masu tambayar Fir'auna ku yi haƙuri, ban gan shi ba. Dalar tasu daga tagar mota na hango ta. Babban kogin nasu na gani, ruwa ne. Gwiwa tana nan, sai likita ya ba da izini za a koma. Na sayo wa Walida raƙumin katako, ta ce ba ya motsi, amma ta karɓa. Tsarabar da na fi rabawa ita ce maganar gida biyun nan. Duk mai zuwa barka sai na ce mata: akwai ciwon kai mai sallama, akwai mai banko ƙofa. In bankowa ya yi, ba a jiran la'asar, ba a jiran maigida ya dawo, kuma ba a ce wa likita da sauƙi. Haƙuri ibada ne, neman magani ma ibada ne.

Ashe Walida tana naɗe maganar. Shekaranjiya bayan baƙi sun watse, gajiya ta tara min ciwon kai, na ɗaure goshi da ɗankwali na kwanta a falo. Ta zo da raƙuminta a hammata ta tsaya a kaina.

"Umma, ya jiki?"

"Da sauƙi," na ce, ido a rufe.

Ta ajiye raƙumin, ta sa 'yan yatsunta ta buɗe min ido ɗaya.

"A'a, Umma, ban da irin na Hajiya. Ya yi sallama, ko bankowa ya yi?"